Irin Geron Babanmu da Gajimaren Ƙasar Ƙanƙara

Duk shekara in bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ko akuya ba ta barin gindin katanga, ƙanena yakan hau babur daga Kebbe ya same ni a Tambuwal da tambaya guda. Ba ya yin ta da zuwa. Sai ya sha ruwa, ya tambayi ciwon gwiwata, ya ba ni labarin wanda ya rasu da wanda ya aurar da ɗiya, sannan ya leƙa sama ta ƙofar zaure ya ce, "To Yaya, mu binne ko mu jira?"

Binne, ga wanda bai tashi a gona ba, shi ne a sari busasshiyar ƙasa a zuba iri a rufe tun ruwa bai sauka ba. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, wani kuma ya biyo bayansa, mai binne ya riga kowa, geronsa na tsaye sauran mutane na neman sungumi. In kuwa ɗan ruwa ne ya jiƙa saman ƙasa, iri ya tsira, sannan sama ta ɗauke, to rana za ta ƙone tsiron, an yi asarar iri ke nan.

A gidanmu babba ne ke faɗin ranar da za a taɓa iri a gandu. Haka kakanmu ya yi, haka babanmu ya yi, da ya rasu abin ya faɗo kaina. Ni da rabona da riƙe sungumi tun ina saurayi. Ƙanena, autan mahaifiyarmu, shi ne ya zauna ya noma gonar nan duk tsawon shekarun da nake yawo, ya san inda ruwa ke kwanciya da inda yake wucewa, amma ba zai zuba ƙwaya ɗaya ba sai na ce. Na sha roƙonsa ya ɗauke mini wannan kaya. Sai ya ce shi ba zai fara abin da ba a yi ba. Kuma ba shi kaɗai ke jira ba. Tunda na yi yawon duniya, ina kuma da 'ya mai karatun sararin sama, maƙwabtan gonarmu ma sukan kasa kunne su ji abin da na ce, in ya yi daidai su ce Allah ne, in ya kuskure su ce ni ne.

Aikin malamin gona da na tafinta ya kai ni Nijar da Chadi da Sudan, na zauna Masar, na yi kwas a Faransa. Fillanci na sha shi a nono, Larabci na same shi a zaure na ƙara a Masar, Faransanci da Turanci aiki ya koya mini. A cikin harsunan nan duka na ji manomi ya yi tambayar da ƙanena ke yi, kuma ban taɓa jin mai gaskiya ya amsa ta ba tare da ya sa "wataƙila" ba. Bambancin kawai, a wasu wuraren ana yarda da wataƙila. A gandunmu ba a yarda. Ko dai ka ce a binne, ko ka ce a jira.

'Yata ta fari sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka ni nakan ce mata Uwata, ƙanena kuma ya ce mata Inna. Karatu ya ja ta har can ƙuryar arewacin Turai, inda ƙasa ke ƙarewa teku mai ƙanƙara ya fara. Na taɓa kai mata ziyara a ƙarshen lokacin sanyinsu. Na ga sanyi a Faransa, na ga na sahara da asuba, amma wannan wani abu ne daban, har haƙorin da aka cike mini sai da ya yi magana. Abin da na lura da shi a 'yan kwanakin nan shi ne, ranar da sama ta yi fes babu gajimare, sanyi har cikin ƙashi. Ranar da gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa ya rufe gari, sai ka ji an ɗan sassauta maka. Na gaya mata haka muna tafiya a kan hanyar da aka share dusar ƙanƙara. Na ce ai kamar bazararmu ne, in hadari ya haɗu ya ƙi zuba, zafi ya rasa hanyar fita, mutane su yi ta juyi a kan tabarma. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ka faɗi aikina duka."

Ta kai ni ofishinsu ta nuna mini. Masana a ƙasashe daban-daban sun gina kwaikwayon duniya a cikin manyan kwamfutoci, da iskarta da tekunta da ƙanƙararta, suna barinsa ya yi tafiya da lissafi don a ga yadda yanayi zai kasance. Aikinta shi ne ta gwada waɗannan kwaikwayo da abin da aka auna da gaske. Akwai mutanen da ke zama wata da watanni a kan ƙanƙara suna sakin balan-balan da ma'auni a jikinsa, yana hawa yana aiko musu da labarin zafin iska da laimarta. A fuskar kwamfutarta, abin da aka auna baƙin layi ne, kwaikwayon kowace ƙasa kuma da launinsa.

A kan zafin iskar da ke can sama, layukan suna tafiya tare, kamar tumaki a bayan makiyayi. Da aka sauko kusa da ƙanƙara a lokacin sanyi, sai suka fara rabuwa. A kan laimar iska suka ƙara watsewa. Da ta buɗe na gajimare kuwa, sai ka ce awaki ne aka kwance ranar kasuwa, kowa ya kama gabansa, baƙin layin yana tafiya shi kaɗai.

Na tambayi dalili. Ta ce gajimaren can yana da wata ɗabi'a: yakan riƙe ɗigon ruwa bai daskare ba, alhali sanyin ya wuce na daskarewa. Wannan ruwan ne ke sa ya zama bargo ga abin da ke ƙasa. Kwamfutoci da yawa kuwa sai su yi gaggawar mayar da shi ƙanƙara, ya zubo, gajimare ya watse tun lokacinsa bai yi ba, bargo ya yaye, ƙasa ta yi sanyin da ba ta yi da gaske ba. Ta ƙara da cewa kwaikwayon yana yanka duniya gida-gida ne kamar dara, kuma gida ɗaya a wasunsu zai iya haɗiye Tambuwal da Kebbe da duk gonakin da ke tsakani. Duk gajimaren da bai kai girman gidan ba, ba a ganinsa, ƙiyasta shi ake yi.

Na tsaya ina kallon layukan nan raina na ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba. Ga mutane masu ilimi, ga na'urori cike da ɗaki, ga wurin da ba a noma ko ɗanyen kara, an tura mutane suna kwana a kan ƙanƙara don su auna shi, amma gajimare ya gagare su. To wa ke auna Kebbe? A wani ofishin gona da na taɓa aiki akwai ma'aunin ruwan sama a bayan gini. Zuwana na ƙarshe na tarar an cire mazurarin, an ɗaure ɗan rago a jikin ƙarfen. Na faɗa mata haka. Ta ce can ma ma'aunan ba su isa ba, kuma abin da ke faruwa da ƙanƙarar can ba ya tsayawa can, iskar duniya ɗaya ce. Na ce na yarda, amma ba wannan zan gaya wa baffanta ba in ya zo da baburinsa.

Shekarar da nake son ba da labarinta, tambayar ta fi kullum nauyi. Akwai wani gero da babanmu ya gada, mai doguwar zangarniya, mai jinkirin nuna, furarsa ba ta tsinkewa ko ta kwana. Mutanen wajenmu sun daɗe da barinsa sun koma wa iri mai saurin nuna, ban kuma ga laifinsu ba, damina ta zama abin da ta zama. Mu kaɗai muka riƙe shi. Daminar da ta wuce ta zo mana da matsala, ƙwari kuma suka shiga abin da aka ajiye, sai ya zamana irin da ya rage bai wuce 'yan kwanoni ba. Na sa an tambaya a kasuwar Jabo da ta Dogon Daji, na tambayi tsofaffin da na sani, babu mai shi. In wannan ya ƙone a ƙasa, geron babanmu ya ƙare a duniya ke nan.

Da ƙanena ya zo ya yi tambayarsa, sai na ce bari mu kira Uwata. Na buɗe muryar wayar na ajiye a kan tabarma tsakaninmu. Bayan gaisuwa ya matso ya duƙa kan wayar kamar mai leƙa rijiya.

"Inna, ke da ke kwana cikin gajimare, gaya muna. Ruwan bana, in ya taho, shina tsayawa?"

"Baffa, gajimaren da nake bi ko kaza ba ta kiwo a ƙarƙashinsa."

"To wa ka noma can?"

"Babu kowa."

"Ashe wahala ta kawai. Munka sai da raguna munka yi rakiya har tasha, ki tai ki koyo hadarin da ba shi da gona."

"Ragunan Baba ne, Baffa. Kai gyaɗa ka ba ni, rabinta ma kai ka cinye a tasha."

Ya yi dariya har da tari, amma bai sake ta ba. Ya ce rediyo na cewa bana ruwa zai yi yawa. Ta ce wannan maganar damina ce gaba ɗayanta, kuma ana iya yin ta da ɗan ƙarfin gwiwa. Amma ko ruwa na biyu zai bi na farko a kan gonarmu kafin tsiro ya mutu, wannan maganar gajimare guda ce a kan fili guda, kuma ciwon da ke damunsu can shi ne ke damun masu hasashen nan. Ta ce duk wanda ya ce mana ya sani tun yanzu, mu yi masa addu'a kawai.

Ni kuma sai na juya harshe na tambaye ta da Turanci. Na yi zaton ko a harshen aikinta za ta saki abin da take riƙewa a gaban baffanta, ta ba ni ko da rinjaye ne. Ta amsa mini da Hausa, kalma bayan kalma, abin da ta riga ta faɗa. Na ji haushi ƙwarai. Na ce to ku da ba ku yarda da na'urarku ba, yaya kuke yi? Ta ce ba sa yin lissafi sau ɗaya. Sukan maimaita shi sau da yawa, kowane da ɗan canji a farkonsa, su ga inda suka haɗu da inda suka watse. Ba sa ɗora komai a kan guda.

Ƙanena ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ka ji, Yaya. Ita ma wataƙila ta koyo, awa kai. Gobe nika jiranka."

Washegari na hau mota zuwa Kebbe, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni gida. An fito da irin daga tukunyar da aka liƙe da toka. Na ce a kawo mini ƙwarya biyu. Na zauna na raba shi da hannuna, na tura masa ɗaya, na ce wannan a binne a gabashin gona, ɗayar kuma a mayar tukunya sai ruwa ya zauna.

Ya daɗe yana kallon ƙoren nan.

"Baba bai taɓa raba iri ba."

"Baba bai taɓa wayar gari da iri ɗan wannan ba, Auta."

"Gona rabi da shuka rabi tsirara, awa wanda wanzami ya gudu ya bari? Ni za a yi ma dariya, ba kai ba. Kai kana Tambuwal ƙarƙashin fanka."

"Ka ce ni na ce."

"Kai ba ka ce komi ba. An ce ka ce binne ko jira, ka ce duka biyu. Wannan ba magana ba ta."

Gaskiyarsa ta wani gefe. Abin da ake nema wurin babba shi ne ya ɗauki nauyin kalma ɗaya, ni kuma na ƙi. Amma na ga layukan nan da idona, na ga yadda suka watse a kan gajimare, ba zan iya ɗaukar abin da ya rage na babanmu in ɗora a kan kalma ɗaya don kada a yi wa ƙanena dariya ba. Ya ɗauki ƙwaryarsa ya fita bai yi mini sallama ba. Dariyar kuwa an yi ta. Maƙwabta duk suka binne gonakinsu kaf, tamu kuma suka sa mata suna gonar wataƙila. Har a masallacin Juma'a wani tsohon abokin wasana, Bafillace, ya tambaye ni ko sallar ma rabi zan yi in jira in ga.

Ruwa ya zo ba da daɗewa ba, da iska da tsawa da duk abin da ke sa zuciya ta kwanta. Binne ya tsira, gabashin gonarmu ya yi kore, gonakin maƙwabta suka yi kore har iyakar gani. Ƙanena ya kira ni ya ce in ba shi izini ya zuba sauran tun ƙasa na da sanyi. Na tambaye shi iya inda laima ta kai in ya tona. Ya ce ba ta kai tsawon hannu ba, amma hadari na haɗuwa kullum da la'asar. Na ce a jira. Ya kashe wayar.

Hadarin ya yi ta haɗuwa kuwa. Kullum ya taso daga gabas, ya yi baƙi, ya rufe gari da zafi, mu yi ta zufa, sannan iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Nakan zauna ƙofar gida ina kallonsa ina tuna fuskar kwamfutar Uwata. Ga shi nan a kaina, ina jin ƙamshinsa, amma ba ni da abin da zan ce a kansa, ni da harsuna biyar. Tsiron ya fara lanƙwasa, ya yi fari, ya kwanta. Da na je duba gonar, gabashinta kamar an bi da wuta. Ban ji daɗin cewa na yi daidai ba, don rabin irin babanmu ne kwance a wurin, kuma ni na ce a zuba shi.

Da ruwa ya dawo ya zauna sosai, muka shuka ƙwarya ta biyu. Maƙwabta, da irinsu ya ƙone, suka je kasuwa suka sayo mai saurin nuna suka sake shuka. Nan wata matsalar ta ɓullo, wadda ni da ƙanena duk mun hango ta amma babu yadda za mu yi. Nasu ya nuna da wuri, suka girbe suka ɗaure suka kai gida. Namu mai jinkiri ya rage shi kaɗai tsaye a fili, yana cikin zuba ido, ƙwaya ba ta ƙosa ba. In gonaki sun nuna tare, tsuntsu yakan rabu, kowa ya ba da kaɗan. In gona ɗaya ta rage, duk jan bakin ƙasar nan, ɗan tsuntsun nan mai cin gero, ita ya sani.

Haka na tattara na koma Kebbe da zama. Muka kafa rumfa a tsakiyar gona, muka ja igiyoyi muka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Tsofaffi biyu, ɗaya da ciwon gwiwa ɗaya da fushi, muna jan igiya muna ihu daga hantsi har rana ta yi sanyi. In na kore su ta nan su sauka ta can. Ƙanena bai cika yi mini magana ba sai in zai ce, "Ja taka, Yaya, sun sauka wajenka. Ko sai ka kira Inna ta lissafa?" Wata rana da na gaji na zauna a ƙasa, na ce masa na zagi tsuntsayen nan da Hausa da Fillanci da Larabci, saura Faransanci. Ya ce in gwada, wataƙila na Nijar ne. Ranar ce ya fara sakin fuska.

Abin da muka girbe bai kai a kira shi amfanin gona ba. Zangarniyoyi da yawa rabinsu fanko. Muka zaɓi masu kyau muka ware na iri, ya ɗan fi abin da muka fara da shi, ba da yawa ba. Ragowar matar ƙanena ta daka ta yi mana fura sau ɗaya. Na sha a zaure, ita ce dai, furar da na sani tun ina yaro, ba ta tsinke ba. Ya ce a ƙara yin wata gobe, na ce a'a. A shekarar nan hatsin da gidan ya ci saye aka yi, kuma har yau in an taɓo zancen yakan ce da an shuka na kasuwa tun farko da rumbu ya cika. Ba na musa masa.

Na kira Uwata na gaya mata yadda aka ƙare. Ta ce a ajiye mata zangarniya ɗaya. Na tambaye ta labarin gajimarenta. Ta ce an fito da sababbin kwaikwayo, wasu sun gyara daskarewar, amma da aka gyara nan sai wani wurin ya karkace, yanzu wasunsu ruwan ya yi musu yawa. Na ce wato har yanzu awaki na kasuwa. Ta ce sun ɗan matso kusa da juna. Na ce a shekaruna "sun ɗan matso" ba ta da amfani gare ni, ta ce ta sani.

Bazara ta sake zagayowa. Na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Ya sha ruwa, ya tambayi gwiwata, ya ba ni labarin rasuwar wani maƙwabcinmu. Sannan ya leƙa sama, inda wani ɗan gajimare fari ke tafiya shi kaɗai, ba a san abin da ya ƙunsa ba.

"To Yaya, mu binne ko mu jira?"

Na sake roƙonsa ya yanke da kansa. Ya ce ba a yi haka ba. Na ce to in na zo gobe a fito mini da tukunyar, a kawo ƙwarya uku.

"Ukku kuma? Bara biyu."

"Ɗaya ba za ta taɓa ƙasa ba bana, ko ruwa ya kai wuya."

Ya kalle ni, ya kalli sama, ya ɗauki makullin baburinsa. Har ya kai bakin zaure ya juyo ya ce in taho da gwangwanaye, na bara sun yi tsatsa.